Yadda ake farfasa babbar lamba a gane irinta, daki-daki

Ɗaliban kolej da lise na Garwa, Marwa da Ngaundare, da masu shirin jarrabawar kammala kolej a Njamena, suna ta maimaita tambaya ɗaya: an ba ka lamba mai alƙaluma bakwai ko takwas, an ce ka faɗi abin da ke raba ta, masu raba ta nawa ne, ko murabba'i ce (wato wata lamba ce aka ninka da kanta, kamar 9 = 3 × 3), ko mai yalwa ce (wato jimlar masu raba ta, ban da ita, ta wuce ta). Ta ina za a kama? Duk tambayoyin nan a kan aiki ɗaya suke rataye, wato farfasa lambar zuwa ƙananan lambobin da ba sa ƙara rabuwa. In ka yi wannan da kyau sau ɗaya, sauran amsoshin ɗauka kawai za ka yi. In ka yi kuskure a nan kuwa, duk abin da ka ɗora a kai ya rushe.

Lambar da za mu yi aiki da ita daga farko har ƙarshe ita ce 4,984,056. Lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da kanta, wadda malaman lise ke kira firamiye, a nan za mu ce mata gagara-rabo.

Kayan aiki

Kaye mai layukan murabba'i, fensir da magogi (ban da bik, domin za ka yi gogewa), da kalkuleta ko wace iri, har ta cikin waya. Ba sai ka sayi komai mai tsada ba. Abin da aikin ke ci shi ne lokaci, kuma abin da ke rage lokacin shi ne jerin gagara-rabo da ke ƙasa da 100. Guda 25 ne, ka rubuta su a bangon kayenka: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29, 31, 37, 41, 43, 47, 53, 59, 61, 67, 71, 73, 79, 83, 89, 97.

Hattara: 1 ba ya cikin jerin. Haka 51, 57, 87 da 91, ko da yake ido yana ɗaukarsu gagara-rabo. Na farkon 3 × 17 ne, na biyu 3 × 19, na uku 3 × 29, na ƙarshen kuma 7 × 13. 91 ce ta fi kowacce kayar da ɗalibai.

1. Rubuta lambar daidai

Raba alƙaluman uku-uku daga dama. A makarantun Faransanci sarari ake bari, a rubuta 4 984 056, waƙafi kuma alamar gutsure ce. Littattafan da ke shigowa daga Yola ko Maiduguri waƙafi suke sa wa tsakanin dubbai, su yi gutsure da ɗigo. A wannan jagora tsarin littattafan Hausa muka bi, waƙafi na raba dubbai.

Hattara: kar ka danna waƙafin nan a kalkuleta. Wayar da aka saita da Faransanci za ta ɗauki 4,984 a matsayin huɗu da gutsure. Haka kuma biliyan na kafofin labaran Hausa shi ne miliyar na Faransanci, mai sifiri tara. Abin da Faransanci ke kira biliyon sifiri goma sha biyu gare shi.

Ƙirga alƙaluman ka rubuta a gefe: bakwai ne. Za ka buƙaci wannan wajen kama kuskure a gaba.

2. Dubi wutsiyar lambar

Alƙalamin ƙarshe 6 ne, saboda haka lambar cika ce, ba mara ba, tana rabuwa da 2. Ba ta ƙare da 0 ko 5 ba, don haka 5 da 10 da 25 duk sun fita. Wanda ya saba ƙirga kuɗi da dala, ko da riyal kamar yadda ake yi a kasuwannin Cadi, ya riga ya gane: sefa 4,984,056 ba ta cika dala cif ba, akwai sefa ɗaya a kai.

Don 4, ɗauki alƙaluma biyu na ƙarshe: 56, wato 4 × 14, ta rabu. Don 8, uku na ƙarshe: 056, wato 8 × 7, ta rabu. Don 16, huɗu na ƙarshe: 4,056, wanda in ka raba da 16 zai bar saura 8. To, tun ba ka yi dogon rabo ko ɗaya ba ka san cewa 2 zai fita daga lambar sau uku, ba ƙari.

3. Tara alƙaluman

4 + 9 + 8 + 4 + 0 + 5 + 6 = 36. Tunda 36 na rabuwa da 9, lambar ma na rabuwa da 9, kuma da 3.

Hattara: wannan gwaji na 3 da 9 ne kaɗai. Ba ya aiki ga 27, ba ya aiki ga 7. Wasu kan ga jimlar ta rabu da 6 su ce lambar ta rabu da 6, alhali 15 jimlarta 6 ce, kuma 6 ba ya raba 15.

4. Gwajin 7, 11 da 13 a tashi ɗaya

Nan ne mutane da yawa ke ɓata lokaci da dogon rabo har sau uku, alhali akwai gajeriyar hanya. 7 × 11 × 13 = 1,001, kuma ɗaya tak ne tsakanin 1,001 da dubu. Abin da wannan ke haifarwa shi ne: in ka ɗauki rukunan uku-uku daga dama, kana tarawa kana debewa bi da bi, ƙaramar lambar da za ta fito tana rabuwa da 7, 11 ko 13 ne kawai idan babbar ma tana rabuwa da su.

Rukunanmu su ne 056, 984 da 4. Sai mu yi 56 − 984 + 4 = −924. Watsar da alamar debewa, ka riƙe 924. 7 × 132 = 924, ta rabu da 7. 11 × 84 = 924, ta rabu da 11. 13 × 71 = 923, saura 1, don haka 13 ya fita.

Hattara: daga dama ake yanka rukunan. Wanda ya yanka daga hagu zai sami 498, 405 da 6, kuma amsarsa ba ta da alaƙa da lambar. In rukunin ƙarshe na hagu bai cika uku ba, babu laifi, haka ake barinsa.

5. Ja layi ka fara rabawa

Ja layi a tsaye. Lambar a hagu, mai rabawa a dama. Fara da mafi ƙanƙanta, kuma kar ka bar shi sai ya ƙi shiga.

4,984,056 ÷ 2 = 2,492,028
2,492,028 ÷ 2 = 1,246,014
1,246,014 ÷ 2 = 623,007
623,007 ÷ 3 = 207,669
207,669 ÷ 3 = 69,223
69,223 ÷ 7 = 9,889
9,889 ÷ 11 = 899

Hattara a layi na uku. Bayan ka raba 1,246 ka sami 623, sai ka sauko da 0, ka sauko da 1, kuma 2 ba ya shiga ko ɗaya. Dole ka rubuta sifiri biyu kafin ka kai ga 14 ka rubuta 7. Mai gaggawa yakan rubuta 62,307 ko 6,237. Maganinsa ƙiyasi: rabin miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ai dubu ɗari shida ne, dole amsar ta zo da alƙaluma shida.

Kafin ka bar kowane mai rabawa, sake gwada shi a kan sabon ragowar. 69,223 jimlar alƙalumanta 22 ce, 3 ya gama aikinsa. 9,889 ÷ 7 na barin saura 5. 899 ÷ 11 na barin saura 8. Tsallake wannan sake gwajin shi ke sa mutum ya rubuta 3 sau ɗaya a inda ya kamata ya zama sau biyu, daga nan kuma adadin masu rabawa ya karkace.

6. Ragowar da ta yi taurin kai, da inda ake tsayawa

Yanzu 899 ce a hannu, kuma nan ne ainihin aikin. Mara ce, ba ta ƙare da 5 ba, jimlarta 26. Duk gajerun gwaje-gwaje sun ƙare. Tambaya biyu ce: me za a gwada, kuma har zuwa ina?

Gagara-rabo kaɗai ake gwadawa. Babu amfanin gwada 15 ko 21 ko 27, domin da za su shiga, da 3 ya riga ya shiga. Kuma ba a komawa baya: abin da ya ƙi shiga babbar lambar ba zai shiga ragowarta ba. Mun riga mun san 13 ya fita tun mataki na huɗu, sai mu ci gaba daga 17.

Iyaka kuwa ita ce lambar da in ka ninka ta da kanta za ta wuce ragowar. Dalili: idan 899 ta rabu gida biyu, ba zai yiwu duka ɓangarorin su wuce 30 ba, tunda 30 × 30 = 900 ya riga ya ɗara ta. Dole ɗayansu ya kasance ƙasa da 30. Ke nan 17, 19, 23 da 29 kaɗai suka rage.

17 × 52 = 884, saura 15. 19 × 47 = 893, saura 6. 23 × 39 = 897, saura 2. A nan ne gajiya ke kama mutum, ya ce ai ba ta rabuwa, ya ja layi. Sai ga shi 29 × 31 = 899. Na ƙarshe a jerin shi ne ya shiga. Malamai masu shirya jarrabawa sun san wannan rauni, shi ya sa suke son lambobi irin 899, 1,147 (31 × 37) da 2,491 (47 × 53).

Hattara ta farko: iyakar daga ragowa ake auna ta, ba daga lambar asali ba. Da za ka auna da 4,984,056, iyakar za ta kai 2,232, wato gwaji sama da 300. Kowane rabo da ya yi nasara yana sauko da iyakar, don haka sake lissafa ta duk sanda ragowar ta canza. Jerin nan na 25 yana isar duk ragowar da ba ta kai 10,201 ba, wato 101 × 101.

Hattara ta biyu: gutsuren da kalkuleta ke nunawa ba shi ne saura ba. 899 ÷ 17 zai nuna 52.88, kuma 88 ba saura ba ne. Ɗauki 52, ninka da 17, debe daga 899, shi ne ka sami 15. Kalkuletar 'yan kolej ta Casio fx-92 tana da maɓallin da ke ba da rabo da saura kai tsaye.

Akwai dabarar da ke rage wahala idan ragowar mara ce. Nemi murabba'i na farko da ya ɗara ta, ka debe. Idan abin da ya rage shi ma murabba'i ne, ka gama. 900 − 899 = 1, wato 1 × 1, saboda haka 899 = (30 − 1) × (30 + 1). Haka 2,500 − 2,491 = 9, wato 3 × 3, sai ka sami 47 da 53. In bai fito ba, gwada murabba'i na gaba, sau uku ko huɗu. Dabarar tana da sauri ne kawai idan ɓangarorin biyu suna kusa da juna. In sun yi nisa, koma ga jerin. A ganina ya fi kyau a fara da ita, domin daƙiƙa kaɗan take ci, kuma ita ke kama daidai irin lambobin da jerin ke jinkirin kamawa.

Sakamako: 4,984,056 = 2³ × 3² × 7 × 11 × 29 × 31. Ƙaramar lambar da ke sama tana nuna sau nawa gagara-rabon ya fito: 2³ shi ne 2 × 2 × 2.

7. Tabbatar kafin ka ci gaba

Ninka su ta wani tsari dabam da wanda ka bi wajen rabawa. 8 × 9 = 72. 7 × 11 = 77. 72 × 77 = 5,544. Sannan 5,544 × 899 daidai yake da 5,544 × 900 ban da 5,544, wato 4,989,600 − 5,544 = 4,984,056. Ta dawo.

Hattara: gwajin 9 (na tara alƙaluma) da ake koyarwa a firamare ba ya ganin sifirin da ya ɓace, ba ya kuma ganin alƙaluma biyu da suka yi musayar wuri. 623,007 da 62,307 duk jimlarsu 18 ce. Kar ka dogara da shi shi kaɗai.

8. Masu raba ta nawa ne

Ɗauki ƙaramar lambar da ke saman kowane gagara-rabo, ƙara mata 1, ka ninka su duka. Wanda ba a rubuta masa komai a sama ba, 1 gare shi. Ana ƙara ɗayan ne saboda kowane mai rabawa yana da zaɓin kada ya ɗauki wannan gagara-rabon sam: game da 2, zai iya ɗaukar babu, ko ɗaya, ko biyu, ko uku, zaɓi huɗu ke nan.

4 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 192. A cikin 192 ɗin nan har da 1 da lambar kanta. In tambayar ta ce ban da lambar, 191 ne.

Daga nan kana iya amsa tambayar rabon kuɗi ba tare da taɓa kalkuleta ba. A ce kuɗin albasar wata ƙungiya ce za a raba daidai wa daida. Mutum 24 za su raba ba saura, domin 24 = 2³ × 3. Mutum 28, 44, 58 ko 62 ma haka. Mutum 16 ba za su iya ba, ana neman 2 sau huɗu, uku ke akwai. Mutum 27 ma a'a.

Hattara: rabuwa da lambobi biyu ba ya nufin rabuwa da ninkinsu sai idan ba su da mai rabawa na tarayya. 36 na rabuwa da 4 da 6, amma ba ta rabuwa da 24. Don gwada 24, da 8 da 3 ake gwadawa.

9. Mai yalwa, mai giɓi, ko kammalalliya

Ana tara duk masu raba lambar ban da ita kanta. In jimlar ta wuce lambar, mai yalwa ce. In ta gaza, mai giɓi ce. In ta yi daidai, kammalalliya ce, kamar 6 da take 1 + 2 + 3. Ba wanda zai zauna ya tara lambobi 191 ɗaya bayan ɗaya. Ga kowane gagara-rabo, tara daga 1 zuwa matakinsa na sama, sannan ka ninka sakamakon:

Na 2: 1 + 2 + 4 + 8 = 15
Na 3: 1 + 3 + 9 = 13
Na 7, 11, 29 da 31: 8, 12, 30 da 32

15 × 13 × 8 × 12 × 30 × 32 = 17,971,200.

Hattara: wannan jimlar ta haɗa da lambar kanta. Wanda ya manta ya kwatanta ta kai tsaye, kowace lamba za ta fito masa mai yalwa. Debe tukuna: 17,971,200 − 4,984,056 = 12,987,144. Ya wuce lambar nesa ba kusa ba, don haka mai yalwa ce.

In nau'in kawai ake tambaya, ba jimlar ba, akwai hanyar yanke. Duk ninkin kammalalliya ko na mai yalwa, in ya ɗara ta, mai yalwa ne. Lambarmu na rabuwa da 6, magana ta ƙare tun a mataki na uku. Duk gagara-rabo mai giɓi ce. Kammalallu kuwa ƙalilan ne: 6, 28, 496, 8,128, sai 33,550,336, saboda haka babu ko ɗaya mai alƙaluma biyar, shida ko bakwai. Kada kuma a ɗauka mara ba ta zama mai yalwa: 945 ce ta farko.

10. Murabba'i da sauran nau'o'i

Murabba'i ba ya ƙarewa da 2, 3, 7 ko 8. In ya ƙare da 6, alƙalamin da ke kafin 6 ɗin mara ne. Tamu ta ƙare da 56, ta tsallake wannan shingen, amma tsallakewar ba hujja ba ce. Hujja tana cikin farfasawar: dole duk ƙananan lambobin sama su zama cika. A nan 2 yana da 3, ya isa a ce a'a. Tabbaci na biyu: 2,232 × 2,232 = 4,981,824, kuma 2,233 × 2,233 = 4,986,289, lambarmu ta faɗa tsakani. Alama ta uku: murabba'i ne kaɗai ke da adadin masu rabawa mara, 192 kuwa cika ce.

Lamba mai kusurwa uku ita ce jimlar 1 + 2 + 3 har zuwa wani wuri, kamar tulin buhunan da kowane sahu ya ɗara na samansa da ɗaya. Gwajinta: ninka da 8, ƙara 1, ka ga ko murabba'i ne. Mun sami 39,872,449, wanda ke tsakanin 6,314² = 39,866,596 da 6,315² = 39,879,225. Ba ita ba ce.

Ko za a iya rubuta ta a matsayin jimlar murabba'i biyu? Dubi gagara-rabon da ke barin saura 3 in an raba su da 4. In ɗayansu ya fito sau mara, ba zai yiwu ba. 7, 11 da 31 duk haka suke, kowanne sau ɗaya. Ba zai yiwu ba.

Tana rabuwa da jimlar alƙalumanta? 36 = 2² × 3², duka suna ciki: 4,984,056 ÷ 36 = 138,446. Irin wannan ita ake kira lambar Harshad.

Ga masu karatun kwamfuta: a lissafin gida biyu ana rabawa da 2 a jere, a karanta sauran daga ƙasa zuwa sama. Tamu ita ce 10011000000110011111000, alƙaluma 23, kuma sifiri ukun ƙarshe su ne 2³ ɗin nan. A gida goma sha shida 4C0CF8 ce.

11. Idan lambar ta fi ƙarfin hannu

Ragowar da ta wuce 10,000 ba ta farfashe ba, a miƙa wa na'ura. A Excel na Faransanci, =MOD(899;29) zai ba da saura, in ya nuna 0 ta rabu, kuma PGCD (mai rabawa mafi girma na tarayya) da PPCM (ninki mafi ƙanƙanta na tarayya) suna nan da sunayensu. A Linux, rubuta factor 4984056 ya wadatar. A waya mai intanet, shafin lissafi na WolframAlpha na yin aikin.

Hattara ta farko: Excel alƙaluma 15 kawai yake riƙewa, duk abin da ya biyo baya sifiri yake mayar da shi ba tare da ya sanar da kai ba. Lamba mai alƙaluma 16 ba a gwada ta a can.

Hattara ta biyu ta shafi ƙaramar kalkuletar kanti mai gurbi takwas. Danna 29,000,030 ÷ 29. Rabon ya cinye gurbi bakwai, gutsuren kuma da sifiri ya fara, sai fuskar ta nuna 1000001 kamar ta rabu cif, alhali 29 × 1,000,001 = 29,000,029, akwai saura 1. Duk sanda rabon ya kusa cika fuskar kalkuleta, ninka shi da mai rabawa ka kwatanta da lambar asali, alƙalami da alƙalami, kafin ka rubuta shi a hagun layi.